Turbo da Baƙin Hayaƙi: Abubuwan Ban Mamaki a Cikin Akori-kurar Gaya da Karakara

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gaya ta nufi Junju da Karakara ya san akori-kura ce ke riƙe da wannan yanki. Ita ke kwaso rake daga fadama, ita ke kai gero da wake kasuwa, ita ke ɗaukar awaki da buhunan gishiri, ga mutane tiƙis a saman kaya. Da yawansu gazuwal suke sha, wanda 'yan'uwanmu na Kamba ke kira man gas. Waɗanda suka shigo a 'yan shekarun nan kuwa sun zo da turbo da kwamfuta da tarin na'urorin tace hayaƙi, waɗanda masu ƙera su ba su yi lissafin ƙurarmu da irin man da muke zubawa ba. Shi ya sa kullum ake yanke wani abu ko toshe wani abu a gareji. Ga kaɗan daga abin da ke ƙarƙashin murfin injin nan.

Hayaƙi ne ke juya shi

Ba bel ke juya turbo ba, ba waya ba, ba batir ba. Hayaƙin da injin ya riga ya zubar shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wannan ta biyun ta dinga cusa iska cikin injin da ƙarfi. Aikinsa ɗaya da na zugazugin maƙeri: a ƙara wa wuta iska ta ƙara ci. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1905, lokacin da ko mota ba ta gama zama abin hawan jama'a ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne gudunsa. Injin Hilux da ke tafe a kan hanya yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Turbon da ke maƙale a gefensa kuwa yakan haura juyi 150,000 a minti, ƙananan ma har 200,000, wato sama da sau 3,000 a cikin daƙiƙa guda. Duk wannan gudu a kan siririn baƙin mai sandar take yinsa. Man ya yanke na ɗan lokaci, ko ya yi datti, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, shi ke nan an shiga kasuwar neman wani.

Injin ya fi shan iska a kan mai

Kafin lita ɗaya ta gazuwal ta ƙone ƙurmus, sai an haɗa ta da iska kusan lita 10,000, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. Direba na ƙirga kuɗin mai kullum, amma ba kasafai yake tuna iyakilina, wato matatar iska, ba, alhali ta cikinta duk wannan iska take bi.

Ga kuma zafin bazara. Iskar da ta kai digiri 45 a ma'aunin zafi ta fi ta digiri 15 sauƙin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100, don haka abin da injin ke samu a kowane numfashi ya ragu. Direban da ke cewa motarsa ta fi ja da asuba a kan azahar ɗin watan Afrilu gaskiya yake faɗa. Matsa iskar da turbo ke yi ma ƙara mata zafi yake, shi ya sa aka saka wata ƙaramar lagireto a gaba ko a saman injin don ta huce kafin ta shiga. Idan laka da tunkuɗar ciyawa suka toshe ta a damina, motar za ta yi nauyi ba tare da komai ya lalace ba. Ruwa da burushi sun isa.

Ya hau dutse kafin ya hau mota

A 1918 wani injiniyan Amurka, Sanford Moss, ya ɗora injin jirgin sama a kan mota ya hau da shi ƙololuwar dutsen Pikes Peak, sama da mita 4,000, don ya nuna turbo na mayar wa injin ƙarfin da ƙarancin iska ya raba shi da shi. Daga nan turbo ya shiga jiragen ruwa, ya shiga manyan motocin kamfanin Saurer a 1938. Ƙaramar motar gazuwal mai turbo ba ta fito kasuwa ba sai 1978, da Mercedes 300SD, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979.

Sandar da ake murɗawa

Nan ne maganar take. Turbo bai san ya isa ba: hayaƙi ya ƙaru, ya ƙara gudu, iska ta ƙaru, hayaƙi ya sake ƙaruwa. Don kada ya fasa injin, sai aka yi masa wata 'yar ƙofa a ɓangaren hayaƙi. Matsin iska ya kai iyakar da aka tsara, ƙofar ta buɗe, wani hayaƙin ya zagaye farfelar ya fice ta salansa. Abin da ke riƙe da ƙofar nan wata siririyar sanda ce da sifirin a cikin gwangwani. A yawancin akori-kura matsin da ake bari bai wuce ma'aunin bar ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan na sarari ba, ƙasa da iskar da ke cikin taya.

To wannan sandar ce ake taɓawa. Mai mota ya zo ya ce, "Malam, motar nan ba ta ja, a ƙara mata wuta." Bakanike ya kwance noti, ya gajarta sandar da zagaye biyu ko uku, wani ma ya cire tiyon da ke kai wa gwangwanin iska ya toshe shi da ƙusa. Idan tsohuwa ce mai famfo, a murɗa sukurun mai shi ma. A fita gwaji, mota ta zabura, mai ita ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, yanzu na ji magana."

Ƙarfin da ya ji na gaske ne, ba wanda zai musa. Sai dai kuɗinsa na nan tafe. Zafin da ke cikin injin ya haura abin da fistin zai iya ɗauka, musamman a hawa da lodi, ko a cikin yashi inda ƙafa ba ta sauka daga totur. Gasket ya ƙone, kan injin ya tsage, ko fistin ya narke ya yi rami. Kuma allurar zafi da ke gaban direba ruwan lagireto take aunawa, ba ta san abin da hayaƙi ke ciki ba, don haka takan zauna lafiya lau har ɓarnar ta gama aukuwa. A ganina, duk bakaniken da zai murɗa sandar nan ba tare da agogon auna matsi da na zafin hayaƙi ba, da dukiyar wani yake caca.

Sababbin Hilux, irin masu injin 1KD da 1GD, ba su ma da wannan ƙofar. Wasu ƙananan fikafikai ne jere a kewayen farfela, kwamfuta na buɗe su tana tsuke su gwargwadon buƙata. Baƙin toka ya taru ya riƙe su, kwamfuta ta ga matsi ya wuce ko ya kasa, sai ta kunna fitila ta rage wa motar ƙarfi da gangan don ta tsira da injin. Mai na'urar bincike zai ga lamba P0234 idan matsin ya yi yawa, P0299 idan ya yi kaɗan. Sau da yawa abin da ake sayen sabon turbo a kansa tiyo ne ya tsage, ko wata 'yar na'urar auna matsi da ba ta kai ɗan yatsa ba ta sha toka.

Baƙin hayaƙi kuɗi ne

Akwai masu ganin motar da ke turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi ita ce mai ƙarfi. Baƙin nan gazuwal ne da bai sami iskar da zai ƙone ba, an saye shi da kuɗi an watsar ta salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi daga turbo ko zobban fistin. Fari kuwa, in ba da sanyin safiya ba, ko dai nozil ne ke zubar da mai ɗanye ko ruwa ya sami hanyar shiga.

A Amurka har akwai masu biyan kuɗi a gyara musu akori-kura don ta riƙa fesa wa masu keke da masu tafiya a ƙasa baƙin hayaƙi da gangan. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta fitar da rahoto a 2020 cewa a cikin shekara goma an cire na'urorin tace hayaƙi daga akori-kura masu gazuwal sama da 550,000, kimanin kashi 15 cikin 100 na irinsu. A can laifi ne da ake cin tara mai nauyi a kansa. Ashe toshe-toshen nan ba a garejinmu kaɗai ake yinsa ba, sai dai su ba su da uzurin mummunan mai.

Injin da ke shaƙar hayaƙinsa

Akwai wani bawul da ake kira EGR, wanda aikinsa shi ne ya ɗebo wani ɓangare na hayaƙi ya mayar da shi cikin injin. Da jin wannan mutum zai ce hauka ne. Dalilin kuwa shi ne, idan wutar cikin injin ta yi zafi ainun, iskar da muke shaƙa kanta takan rikiɗe ta zama wata guba da masana ke kira NOx, mai cin huhu da tayar da asma. Hayaƙin da aka mayar yana sassauta zafin wutar, gubar ta ragu.

Matsalar ita ce hayaƙin na zuwa da toka, ya tarar da tururin baƙin mai, su haɗu su daskare. Je ka tsaya inda ake kwance bututun shigar iska na Hilux ɗin da ta yi shekaru tana aiki. Yaron gareji na zaune a ƙasa da sukurdireba yana kankaro wani baƙin abu mai danƙo, yana goge shi a jikin kwali. Ramin da ya kamata hannu ya shiga ya tsuke sai yatsu biyu. Maigidansa na tsaye ya leƙo ya ce, "Kai, yanko mini faranti, mu toshe shi kowa ya huta." A yanko ɗan ƙarfe daidai bakin bawul ɗin, a huda ramin noti biyu, a ɗaure.

Mota takan ɗan washe bayan haka, kuma baƙin hayaƙi kan ragu, domin toka da NOx kishiyoyi ne: abin da ke rage ɗaya shi ke ƙara ɗaya. Ke nan an rage hayaƙin da ido ke gani an ƙara wanda ba ya gani. Wanke bawul ɗin da bututun lokaci-lokaci ya fi wahala, amma shi ne gyaran.

Matatar da ke cinna wa kanta wuta

Motocin gazuwal na Turai na bayan 2009 kusan dukansu suna da wata matata a cikin salansa, DPF, mai kama toka. Peugeot ce ta fara saka ta a motar kasuwa, a 607, shekarar 2000. Idan ta cika, kwamfuta kan ƙara mai da gangan har zafin cikinta ya kai wajen digiri 600, tokar ta ƙone. Hakan na buƙatar doguwar tafiya da gudu daidai. Motar da aikinta daga tasha zuwa kasuwa ne, tana tsayawa tana tashi, ba ta samun wannan damar, sai matatar ta toshe.

Abu biyu ya kamata mai irin wannan mota ya sani. Na farko, kada ya ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa ko karan gero bayan doguwar tafiya, don zafin salansar ya isa ya tayar da gobara. Na biyu, idan ya ga baƙin mai na ƙaruwa a jikin sandar awo ba tare da ya ƙara ba, kada ya yi murna. Gazuwal ne ke gangarawa cikinsa yana tsinka shi.

Laifin mai

A nan ne ya zama dole a yi wa kanikawanmu adalci. Duk waɗannan na'urori an ƙera su ne don gazuwal mai tsabta. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ba ta yarda sinadarin farar wuta a cikin gazuwal ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A watan Satumban 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan, Public Eye, ta wallafa sakamakon gwajin man da ta saya a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, har da Benin da Mali. A Mali ta sami gazuwal mai kashi 3,780 cikin miliyan, wato ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A tashoshin ruwan Holan da Beljiyam ake haɗa irin wannan mai, kuma 'yan kasuwar na da sunan da suke kiransa da shi a tsakaninsu: ingancin Afirka. Wannan suna kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai.

Farar wuta na kashe na'urar tace hayaƙi, tana toshe matata, tana mayar da baƙin mai tsami. Motar da aka zuba wa irin wannan mai, ko ba a taɓa ta ba za ta kwanta da kanta. Bakaniken da ya fasa matatar ya zubar ba shi ya fara ɓarnar ba. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da kashi 50 cikin miliyan a matsayin iyaka, tare da ƙayyade shekarun motocin da za a shigo da su. Holan ta hana fitar da mai mai datti daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024. Nijar kuwa ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, don haka awon man da ke shiga tankin direban Karakara nauyi ne da ya rataya a wuyan hukumomin ƙasar su kaɗai.

Motar da ke shan taki

Wasu sababbin akori-kura na da ƙaramin tanki na biyu mai shuɗin murfi. Ruwan da ake zubawa ciki, AdBlue, takin yuriya ne kashi 32.5 cikin 100, sauran ruwa ne tatacce. Ana fesa shi cikin salansa, ya mayar da NOx iska marar illa da tururi. Idan ya ƙare, yawancin motocin kan ƙi tashi bayan an kashe su, domin haka aka tsara kwamfutarsu. Kada manomi ya ce ai yana da buhun yuriya a ɗaki ya jiƙa da ruwan rijiya: dattin da ke cikin takin gona da gishirin ruwan za su kashe famfon da na'urar. Zafi ma na lalata shi, jarkar da ta sha rana a bakin shago ta rage amfani. A ƙarshen 2021, da Sin ta taƙaita fitar da yuriya, saura kaɗan manyan motocin Koriya ta Kudu su tsaya cak, har gwamnati ta aika jirgin soja Ostareliya ya ɗauko ruwan.

Gajeru

Abin da kanikawan Nijeriya ke kira indomi, wato cikin na'urar tace hayaƙi da ake fasowa daga salansa a sayar, an shafe shi da ƙarafa masu tsada. Na motar gazuwal filatinam da faladiyam ne. Na motar fetur akwai rodiyam, wanda a watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya ya kusa dala 30,000, ninki goma sha biyar na zinariya da ɗoriya. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018. Kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Namu kason ta Kwatano ya saba biyowa, ya yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Malanbil, ya hau gada ya faɗo Gaya, kafin rufe gadar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Bututun ɗanyen man Agadem, mai kusan kilomita 2,000, ta yankin Gaya ya ratsa ya shiga Benin ya nufi teku. Gazuwal ɗin matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, sai ya yi tafiyar sama da kilomita 800 a cikin tanka kafin ya iso Gaya.

Famfon sababbin injuna na matsa gazuwal har ma'aunin bar 2,000. Feshin da ke fita daga tsagaggen bututu na iya huda fata ya shige nama. Kada a lalubi yoyo da hannu injin na aiki. Irin wannan famfon da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi, saboda haka man jarka da aka sirka da kananzir ko ya sha ruwa yakan cinye shi tare da nozil huɗu a tashi ɗaya.

A baje kolin birnin Faris na 1900 an tayar da injin gazuwal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki. Wanda ya ƙirƙiro irin wannan injin, Rudolf Diesel, ya ɓace daga jirgin ruwa a daren 29 ga Satumban 1913 a kan hanyarsa ta zuwa Ingila.

Manya ma sun yi

A watan Satumban 2015 aka gano Volkswagen ta koya wa kwamfutar motocinta gane lokacin da ake gwada su. A ɗakin gwaji hayaƙi tas, a kan titi NOx ya ninka abin da dokar Amurka ta yarda har sau 40. Motoci miliyan 11 abin ya shafa, kuma wasu 'yan masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo shi, da na'urar awo a bayan mota. A watan Disambar 2023 kamfanin Cummins, mai ƙera injin akori-kurar Ram, ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 a kan irin wannan zargi da ya shafi motoci 630,000. A Janairun 2024 Toyota ta dakatar da fitar da wasu motocinta na ɗan lokaci, har da Hilux, bayan an gano an yi coge a gwajin ƙarfin injunan gazuwal ɗinsu.

Tsohuwar da ba ta da turbo

Akori-kurar Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda ya fito a 1990, silinda shida gare ta, lita 4.2, ƙarfin doki wajen 130. Hilux ta yanzu mai silinda huɗu da lita 2.8 tana ba da sama da 200. Bambancin nan aikin turbo da kwamfuta ne. Duk da haka sojoji da ƙungiyoyin agaji da masu shiga daji sun daɗe suna riƙe da tsohuwar, don tana haƙuri da mai kowane iri kuma ana gyara ta a gindin bishiya. Haka ma Hilux mai injin 5L. Yaƙin da Chadi ta fatattaki sojojin Libiya a 1987, wanda ya soma da kama garin Fada a watan Janairu, har yau da sunan Toyota ake kiransa, saboda akori-kura kusan 400 da suka fi tankokin yaƙi sauri a cikin yashi.

Injin da makulli ba ya kashewa

Wannan ya cancanci kowane direba da yaron mota su sani. Injin gazuwal ba ya jiran tartsatsi, duk abin da zai ƙone da ya shiga cikinsa zai ci. Idan turbo ya lalace ya fara zubar da baƙin mai cikin bututun iska, injin na iya komawa shan man jikinsa. Sai ka ji ya yi ƙara mai ban tsoro, gudu na ta hauhawa, farin hayaƙi da shuɗi sun rufe wurin, an zare makulli amma bai fasa ba. Zai ci gaba har man ya ƙare ko ƙarfe ya faso ta gefe.

Mafita biyu ce. In motar mai kuloci ce, a take birki sosai, a sa babbar giya, a saki kuloci, injin ya shaƙe ya mutu. Ko a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba. In duka biyun sun gagara, a janye mutane nesa.

Alamar kan zo tun da wuri. A cire tiyon gaban turbo injin na kashe, a kama kan sandar da yatsu biyu a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi. In tana shiga tana fita, ko farfelar na gogar bango, ko bakin fikafikanta ya cinye ya yi kaifi-kaifi, ko ka tarar da mai kwance a cikin tiyo, lokacin gyara ya yi.

Ƙurar hunturu

Cinyewar bakin farfela aikin ƙura ne. Hazon da ke rufe mu a hunturu, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ƙwayar yashi da ta tsallake iyakilina ta ci karo da farfela mai wancan gudun, a hankali za ta sassaƙe ta. Ɗabi'ar buga iyakilina a jikin taya ko hura ta da iskar mai faci da ƙarfi tana yaga takardar, yagewar da ido ba ya gani. Sabuwa ta fi turbo arha nesa ba kusa ba.

Sai kuma kashe mota da zarar an tsaya. Bayan doguwar tafiya da lodi turbo na da zafin da zai iya soya man da ya tsaya a cikinsa. A bar injin ya yi sululu minti ɗaya ko biyu kafin a murɗa makulli. Da safe ma kada a taka totur da zarar ta tashi, a bari mai ya kai ko'ina.

Wa ke shaƙa?

A watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin gazuwal cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu. Direba na gaba, ya ɗaga gilashi. Masu shaƙa su ne fasinjojin da ke zaune a bayan akori-kura ƙafafunsu na lilo a saman salansa, da mai tuyar ƙosai a bakin tasha da goyonta, da yaron garejin da ke tsugune a bayan mota ana taka masa totur don a ga launin hayaƙi.

Don haka 'yan'uwa direbobi da masu motoci, kafin a ce a ƙara wa mota wuta, a duba iyakilina, a duba tiyo, a wanke bawul, a gwada nozil, a juye baƙin mai a kan kari, a sayi gazuwal inda aka yarda da shi. Mai shirin sayen mota ya tambayi irin injinta da irin man da aka ƙera ta dominsa tun kafin ya ba da kuɗi. Kanikawa kuma, don Allah, ku riƙa gaya wa mai mota abin da zai biyo bayan murɗa sandar nan kafin ku ɗora sifana. Hukumomin da ke kula da shigo da mai da rarraba shi su auna abin da ake sayar wa jama'a su bayyana sakamakon, domin muddin man bai gyaru ba, matatar da aka saka a Turai a juji za ta ƙare. Allah Ya kiyaye hanya.